Littafin da Ya Kori Inna Delu Daga Aji

Kusan kowane mako sai wani matashi ya tsaya a bakin shagona da ke bayan tasha a nan Dutse, ya leƙo ya ga ina aiki, ya ce, "Baba, har yanzu da tawada kake yi? Ai yanzu a waya nan da nan an gama." Ba na musu da su. Na ga abin da suke zanawa, wasunsu hannunsu ya fi nawa kyau lokacin da nake kamar su. Amma in muka zauna hira, kusan dukansu buri ɗaya ne: su ƙirƙiro jarumai biyar ko shida, kowa da irin ƙarfinsa, su zuba su a littafi ɗaya su yi ta gwabzawa, kamar yadda suke gani a littattafan zanen Turawa. Ni ma na taɓa haɗa jarumai a littafi ɗaya, biyu kacal ma, kuma aikin nan ya kusa raba ni da sana'ar. Ku zauna in ba ku labarin.

Sunana Sabo, ana ce mini Sabo mai zane. Ban fara da littafi ba. Fenti na fara koya a wajen Malam Haladu, wanda shi ne ke rubuta allunan shaguna lokacin da garin nan ya zama babban birnin jiha, ma'aikata suna ta tarewa, kowa yana buɗe shago yana neman allo. Shekarar farko ban taɓa gwangwanin fenti da sunan aiki ba. Wanke buroshi da kananzir nake yi, da goge katako, da riƙe tsani.

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai allon wani mai shayi ne a bakin hanyar Kiyawa. Kwana uku na yi a kansa. Na zana buta, na yi mata inuwa, na sa tururi yana fita daga bakinta, har ƙyallin murfi na fitar. Da na gama, Malam Haladu ya zo ya duba. Ya jingina allon a bango, ya kama hannuna muka tsallaka titi, ya ce, "Juya. Me ka gani?" Daga can butar ta koma kamar zabuwa ta kwanta. Ya ce, "Mai wucewa a kan babur daga nan zai gani, kuma ba zai sauka ya tambaye ka ba. Je ka goge." Na goge, na sake ta da layuka huɗu masu kauri, mai shayi ya karɓa yana murna.

Littafin zane kuwa a hannun mai ƙosai na fara ganinsa. Takardar da ta naɗe mini ƙosai shafi ne na irin na Turawan nan. Mai ya ɓata rabinsa, amma ana ganin wani ƙato ya tallafe gada a kafaɗarsa, mutane suna gudu a kanta. Daga ranar, duk sa'ad da Malam ya aike ni Kano sayen fenti sai na biya wajen masu tsofaffin littattafai na tsinto ɗaya ko biyu. Turancina na firamare ne, amma in jarumin ɗaya ne nakan bi hotuna in gane labarin. Akwai wani mai kauri da na saya wanda ya gagare ni. Mutane sun kai ashirin a cikinsa, kowa da irin rigarsa, suna gaisawa kamar 'yan gida ɗaya, wasu suna fushi da wasu ban san dalili ba. Na karanta shi sau uku. Na ce Turancina ne bai kai ba, na sa shi a ƙasan akwati.

Kayan aikin labarin zane ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Fensir mai tauri na fitar da fasali, rula na raba shafi gida-gida, sai alƙalami mai bakin ƙarfe da ake tsomawa a tawada. Sabon baki ba ya riƙe tawada sai ka ɗan gitta shi a kan wutar ashana, man da ke jikinsa ya ƙone. Da bazara sai ka shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin hannunka, in ba haka ba gumi ya ɗiga a fuskar da ka yi rabin yini kana yi. Da damina takarda takan sha laima, layi ya riƙa bajewa kamar gashi. In tawada ta ɗiga, ka bari ta bushe ka kankare da reza, kada ka yi saurin gogewa. Maganar mutane kuma ita ake fara rubutawa, sannan a zagaye ta da da'ira a yi mata wutsiya zuwa bakin mai maganar. Wanda ya fara zana da'ira zai ƙare yana matse haruffa har su zama tururuwa. Abin da ya fi duka wuya shi ne fuska. Zana kyakkyawar fuska sau ɗaya ba komai ba ne. Ka zana ta sau ɗari, daga gaba, daga gefe, tana dariya, tana gudu, a gane ita ce ba tare da an rubuta suna ba, nan ne aikin yake.

Jarumata ta farko Kuluwa ce, 'yar wani mai haƙar rijiya. Tana ƙarama ta faɗa rijiya, aka fito da ita da rai, kuma tun daga nan Allah ya ba ta wata baiwa: in ta cire takalmi ta tsaya a ƙasa, tana jin duk abin da ke ƙarƙashinta, ruwa ne, sawun mutum ne daga nesa, ko abin da aka binne. Kowane littafi labari ɗaya ne da ke ƙarewa a cikinsa. Ta samo wa ƙauye ruwa, ta gano inda ɓarayi suka ɓoye hatsi, irin wannan. Mata ne suka fi sayensa, da 'yan makaranta.

Bayan shekara biyu na fito da Tanko Maƙeri, wanda wuta ba ta ƙona shi, ƙarfe kuma yana lanƙwasa shi da hannu kamar kara. Shi labarinsa dogo ne, kowane littafi yana ɗorawa a kan na baya. Yana da ƙane, Isa, wanda suka yi faɗa a kan fartanyar mahaifinsu har ta karye biyu, Isa ya ɗauki rabi ya bar gari. Tanko ya yi alkawari ba zai sake buɗe baki ya yi magana ba sai ya gan shi. Daga littafi na bakwai bai ƙara cewa uffan ba. Wannan ɗaliban jami'a ne suka riƙe shi, da masu keke mai ƙafa uku, da kanikawa. Direbobin ƙananan bas ne ke kai mini ƙunshi Kiyawa da Kafin Hausa su ajiye a shagunan kayan masarufi, a nan gari kuma mai jarida na bakin sakatariya ke sayarwa. Ban yi arziki ba, amma na ci, na ciyar, na daina hawa tsani.

Shawarar haɗa su ba daga kaina ta fito ba. Akwai wani ɗalibi, Nura, wanda ya karanta duk abin da na taɓa zanawa, har yakan tuna mini abin da ni na manta. Wayarsa cike take da littattafan Turawa. Shi da abokansa suka yi ta zuwa shago suna cewa, "Malam Sabo, a can haka ake yi. In jarumai suka haɗu a littafi ɗaya, masu son wannan su saya, masu son wancan su saya. Ka yi tunanin Kuluwa da Tanko a shafi ɗaya." Na yi tunanin, kuma ya yi mini daɗi.

Labarin da na tsara shi ne, rami ya rufta da masu fasa dutse a bayan duwatsu, Kuluwa ta ji bugun zuciyarsu a ƙarƙashin ƙasa, Tanko ya zo ya ɗaga ƙarafan da suka danne bakin ramin, a cikin waɗanda aka ciro kuma har da Isa. Wata huɗu na yi ina zana shi, kuma har yau ban taɓa yin zane mai kyau kamarsa ba. Na fara shi daga tsakiyar tashin hankali, su biyun suna gudu kafaɗa da kafaɗa kamar sun saba. Akwai shafi guda cif da Tanko ya ciro rabin fartanya daga aljihu yana kallo, hawaye na zuba, babu kalma ko ɗaya. Duk inda na ga wani zai iya rikicewa, sai in sa 'yar alama a ƙasan shafi in rubuta, "duba na bakwai" ko "duba na huɗu". A shafin ƙarshe aka ɗaga ƙarfe, fuskar Isa ta bayyana, ban rubuta sunansa ba, don a ganina kowa ya san shi. Na sa aka buga da yawa, fiye da duk abin da na taɓa bugawa.

Makon farko ɗalibai suka yi ta layi. Nura ya zo idonsa ja, ya ce shafin fartanyar nan ya sa shi kuka a cikin keke. Mako na uku ƙunshi ya fara dawowa. Direba zai sauke a bakin shago, igiyar ma ba a kwance ba, ya ce, "Sun ce a mayar." Wani mai shago a Kafin Hausa ya gaya mini mutum zai ɗauka, ya buɗe shafi biyu, ya ajiye. Abin da ya fi muni, masu sayen Kuluwa suka ɗauka daga yanzu sai ka karanta na Tanko duka kafin ka gane nata, sai suka bar sayen nata ma. Na tara ƙunshin a kusurwar shago har ya kai taga, gara ta shiga na ƙasa. Na ɗauko tsofaffin buroshina na koma rubuta addu'o'i da furanni a bayan keke. Wata biyar ban tsoma alƙalami a tawada ba, bakinsa ya yi tsatsa. A lokacin abin da nake cewa shi ne mutane ba su san abu mai kyau ba.

Wata ranar Laraba da hantsi ina durƙushe a bayan wani keke, sai ga Malama Asabe. Ita ce ke koyar da ajin yaƙi da jahilci na mata a wani ƙauye kusa da Kiyawa, kuma ta daɗe tana sayen littattafan Kuluwa, don ta ce matan sun fi son su a kan littafin aji. Muka gaisa, ta tambayi iyali, na ba ta benci. Na ga leda a hannunta, na ce, "Malama, in mayarwa kika zo yi, ajiye su can tare da 'yan uwansu."

Ta ce, "Ba mayarwa na zo yi ba. Na zo in gaya maka Inna Delu ta daina zuwa aji."

Na ce ban san ta ba.

Ta ce, "Ita ta san ka. Ta haura sittin. Shekara biyu ta yi tana koyo, ita ce ta fi kowa naci. Littattafan Kuluwa duka ta karanta su da kanta, tana ajiye su a cikin kwalla tare da katin asibitinta. Da na raba musu sabon nan, ta tafi da shi gida, ta dawo bayan kwana uku ta miƙa mini allonta da fensirinta, ta ce a ba wata. Na yi lallashin duniya, ta ce kanta ya rufe. Sauran matan ma ba su gane shi ba, amma su sun yi dariya sun ajiye. Ita ba ta yi dariya ba."

Na ajiye buroshi. Na ce, "Me kike so in yi?"

Ta ce, "Ni na gaya mata ba laifinta ba ne, ba ta yarda ba. Wataƙila in ta ji daga bakin wanda ya rubuta."

Washegari da safe muka hau babura muka tafi. An yi ruwa, gero ya kai gwiwa. Malama ta shiga ta yi mini iso, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya a ƙofar gida. Inna Delu ta fito da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na durƙusa na gaishe ta. Da Malama ta ce ni ne mai Kuluwa, ta daɗe tana kallon hannuwana, sannan ta ce, "Ashe mutum ne kamar kowa."

Na ce, "Inna, an ce kin bar aji saboda littafina."

Ta ce, "Ba saboda littafinka ba, ɗan nan. Littafi ba ya laifi. Kowace kalma na karanta. Na haɗa baƙi da wasali, sun fito daidai, ban tsallake ko ɗaya ba. Amma da na kai ƙarshe ban san abin da aka yi ba. Na sake, haka. Na sake na uku, haka. Na ce to, tsufa ne ya iso, abin da Allah ya ara mini ya karɓi abinsa. Gara in tashi da mutuncina kafin yara su gane."

Da ta ce sau uku, sai littafin nan mai kauri da ke ƙasan akwatina ya faɗo mini a rai. Na taɓa nuna wa Nura shi, ya yi dariya ya ce ko Baturen da aka haifa da Turanci ba zai gane shi ba sai ya karanta wasu littattafai masu yawa kafin shi. Shekara da shekaru ina zargin Turancina a banza. Na ba ta wannan labarin. Ta saurara, amma na ga ba ta gamsu ba. Sai na ce, "Inna, ki taimake ni da abu ɗaya. Ki karanta mini shi da ƙarfi, duk inda kika tsaya ki gaya mini, ni kuma in sa alama."

Ta aika aka ɗauko kwallar. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a layin farko. Karatunta a hankali yake, amma babu tuntuɓe. A shafin farko ta tsaya.

"Wannan ƙaton da ke gudu kusa da ita, mijinta ne? Yaushe aka yi bikin ba mu ji ba?"

Na ce ba mijinta ba ne. Na sa alama.

"To me ya sa tana yi masa magana ba ya amsawa? Bebe ne, ko raini ne?"

Na sa alama.

Da ta zo shafin fartanya ta daɗe a kai. Ta ce, "Nan ne ya fi damuna. Namiji kamar wannan yana kuka a kan guntun ƙarfe. Na ga ka rubuta a ƙasa a duba na bakwai. Na ɗauko na bakwai na duba, tun daga farko har ƙarshe." Ta zaro littafin Kuluwa na bakwai daga kwalla ta nuna mini, wanda ta gano hatsin da aka sace. "Babu fartanya a ciki. Har hasken rana na ɗaga shi ko ta ɓuya a bayan buhu."

Ni kuwa na bakwai na Tanko nake nufi. Ba ta ma san akwai wasu littattafai na wani Tanko ba, don mai shagon ƙauyensu bai taɓa karɓar su ba. Kafin mu kai ƙarshe, babu shafin da fensirina bai taɓa ba. A shafin ƙarshe ta nuna fuskar Isa ta ce, "Wannan kuma ɗan waye?" Na rufe littafin na ce, "Inna, kin ga alamun nan? Kowace ɗaya wurin da ni na yi kuskure ne. Ba ki tsaya ko sau ɗaya a kan kalma ba. Karatunki lafiya lau yake." Ta dubi alamun, ta dubi Malama, ta ce, "To in haka ne, ka gyara ka kawo in gani." Aji dai ta ce ba za ta koma ba tukuna.

Gyaran farko da na yi ya fi na farkon lalacewa. Na cika shafi uku a gaba da rubutu zalla, tarihin Tanko tun daga haihuwa, da na Kuluwa, da na fartanya. Na ba Nura ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai mun san shi, barci zai sa mu." Na aika wa Inna Delu ta hannun Malama, ta dawo mini da saƙo cewa ta gane, amma wannan takardar asibiti ce ko labari, ina hotunan? Na kai wa Malam Haladu, wanda a lokacin ya tsufa, yana zaune a gida. Ya jujjuya shafukan, ya ce, "Ita yarinyar, a ina ta san shi?" Na ce ba ta san shi ba, wannan ne haɗuwarsu ta farko. Ya ce, "To me ya sa ka zana su kamar sun tashi a gida ɗaya?"

Nan ne aikin ya buɗe mini. Kuluwa ba ta san Tanko ba, kamar yadda Inna Delu ba ta san shi ba. Duk tambayar da Inna ta yi mini a gindin darbejiya, sai na ɗauke ta na sa a bakin Kuluwa. Na fara littafin a kasuwa. Kaskon mai ƙosai ya kife, wani maƙeri ya sa hannu a cikin wuta ya ɗauke shi bai ƙone ba, Kuluwa tana tsaye tana kallo. Shafi ɗaya, kowa ya san baiwarsa. Ta gaishe shi bai amsa ba, ta ji haushi ta ce, "Bebe ne kai, ko raini ne?" Sai mai ƙosai ta ba ta labarin alkawarinsa a layi biyu. Shi ma da ya ga ta cire takalmi a tsakiyar hanya ta rufe ido, na zana mamaki a fuskarsa, har ta buɗe baki ta ce tana jin mutane huɗu suna numfashi a ƙarƙashin dutse. Masu Tanko da ba su san ta ba, ta idonsa suka san ta. Shafin fartanya na bar shi yadda yake, babu kalma, amma kafin shi na sa Kuluwa ta ce ɗaya daga cikin mutanen ramin yana ƙwanƙwasa dutse da wani guntun ƙarfe. Alamun "duba na kaza" kuwa na kankare su duka. A ƙarshe kuma na bar Tanko ya buɗe baki ya kira sunan ƙanensa.

Abin da nake so ku gane ke nan, ku masu jarumai shida. Ana iya haɗa su, kuma wanda bai taɓa jin sunansu ba ya ji daɗin labarin, amma kowane jarumi da ka ƙara, baƙo ne da sai ka gabatar, kuma tsohon mai karatu yana zaune yana jiran a wuce wajen. Masu karanta komai irin Nura ba su da yawa, su ne dai suka fi zuwa shago su yi magana. Mafi yawan masu saye littafi ɗaya ne zai faɗo hannunsu, a tasha ko a gidan maƙwabta, kuma in ba su gane ba, ba za su zo su gaya maka ba. Wasu ma kansu za su zarga. Nura da ya karanta sabon ya ce ya ɗan yi sanyi a farko, na farkon ya fi zafi. Gaskiyarsa ne, kuma na yarda da wannan asarar.

Damina ta ƙare kafin in gama. Mai injin buga littafi ya ce ba zai sake taɓa wannan labarin ba sai ya ga ana nema, don haka na yi hoton shafukan a injin kwafi, na ninke da hannuna, na ɗinke da waya, daidai yawan matan ajin. Ranar da zan kai, na sa ainihin shafukan da na zana a jaka tare da tawada da alƙalami, ko za a sami abin gyara.

Ajin a makarantar firamare ake yinsa bayan la'asar, in yara sun tashi. Malama ta nemi izinin matan, aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Inna Delu ta zo a makare, ta zauna a bencin baya, ta ce kallo ta zo yi. Aka raba littafin, aka fara karantawa bi da bi, kowace mace shafi ɗaya. Da aka zo inda Kuluwa ta ce bebe ne ko raini, ajin ya fashe da dariya, Inna ta ɗago ta harare ni ta saman tabarau, ta ce, "Wannan maganata ce." Daga nan ta matso benci na biyu. A shafin fartanya babu abin karantawa, amma babu wadda ta juya shafi da wuri. Wata ta ce a hankali, "Wayyo, ƙanensa ne a ramin."

Da aka zo shafin ƙarshe Malama ta ce, "Inna, ko za ki rufe mana?" Ta yi kamar ba ta ji ba, sannan ta ɗora yatsa. Ta karanta yadda Tanko ya ɗaga ƙarfen, ta karanta kalmar da ya fara furtawa bayan shekaru, "Isa." Sai ta daɗe tana kallon hoton 'yan uwan biyu rungume da juna, Kuluwa tana tsaye a gefe. Na ɗauka ta sake ɓacewa, na fara laluben fensir.

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ɗan nan, zo. Ka yi kuskure a nan."

Na matsa na durƙusa.

"Mutumin da ya kwana uku a ƙarƙashin dutse, ruwa ake fara ba shi. Shi yayan na yi masa uzuri, hankalinsa ba ya jikinsa. Amma Kuluwa 'yar mai haƙar rijiya ce. Littafi tara na san ta, ba za ta tsaya hannu sake tana kallo ba."

Matan suka ce gaskiya ne. Na ciro shafin daga jaka, na ɗora a kan gwiwata, na tsoma alƙalami na zana ƙwarya a hannun Kuluwa. Inna ta leƙa ta ce, "Cika ta." Na ja layin ruwa har baki, na sa ɗigo biyu suna zuba. Ta ce, "Yauwa." Sannan ta miƙo nata littafin ta ce a sa mata ita ma, sauran matan suka biyo baya, na yi ta zana ƙwarya har aka kira magariba. Da za a tashi na ji tana tambayar Malama wa aka ba allonta.

An buga littafin daga baya, ya kuma sayu sannu a hankali, har yanzu ana nemansa. Inna Delu ta gama ajin, ta karanta na Tanko duka tun daga na ɗaya, ta ce ya cika taurin kai. Ta rasu shekaru kaɗan da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Duk wanda ya buɗe shafin ƙarshe zai ga ƙwaryar ta ɗan karkace, don a kan gwiwa na zana ta. Sau biyu mai injin yana cewa in gyara kafin a sake bugawa, na ce a bar ta haka.